Sunanta a Gefen Shafi

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga ɗana, Malam Jan Biro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Yaya haƙoran ƙaramar, sun fito ko har yanzu tana hana ku sakat? Ni dai alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar ya sauka, na koma kan keken ɗinki tun makon jiya, ko da yake rabin yini nake yi in tashi.

Ka yi haƙuri da sunan da na sa maka a sama. A bakin ƙanwarka na saba jin sa, har na manta kana da wani. Na ga ka kira ni sau uku ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. In na ji muryarka sai in tuna yadda kuke musu da ita a waya a kan aikin yara, sai in kasa ɗauka. Takarda kuwa ba ta da murya. Direban da ke zuwa garinku ranar Laraba ya dawo Alhamis ya ce zai riƙa kai maka, shi ne na ce bari in gwada hannuna. Aji shida na yi. In ka ga kuskure ka mayar da jan biron aljihu.

Yau wata biyu da kwana huɗu da rasuwarta. Ni da mahaifinka kaka ɗaya muka haɗa, amma ka san tun da ya rasu zumunci ya yi sanyi, sai da koyarwa ta haɗa ka da 'yar nan tawa. To ita ta tafi, ba na so zumuncin ya bi ta.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'a ina share ɗakinta na ga kwamfutarta a kan tebur, ƙura ta rufe ta. Na goge, na jona ta a wuta, na ɗaga murfin. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta buɗe daidai inda aka bar ta ranar da muka tafi asibiti. Littafin nan ne da 'yan ajinta da 'yan ajinka suke rubutawa tare ta intanet, na sana'o'in iyayensu. Yaro a nan ya tambayi uwarsa ko ubansa ya rubuta, yaro a can wajenku ya zana masa hoto, in na can ya rubuta na nan ya zana. Na sha jin labarinsa ina ɗinki tana surutu, amma ban taɓa zama na gani da idona ba.

Ɗana, ashe a gefen kowane shafi tana nan. Maganganunta ne a cikin 'yan akwatuna, da hotonta ƙarami a kan kowanne. Wani yaro ya rubuta cewa babansa mai walda yana shan wahala. Ta ce masa, “Wace wahala? Nuna mini hannunsa.” Wata ta cika shafi da yabon mahaifiyarta, ta ce mata, “Na yarda tana da kirki. Yanzu gaya mini ƙarfe nawa take tashi.” Kai ma ba ka tsira ba. A shafi na tara ta ce, “Malam Jan Biro, ka bar wa yaron nan jimla ɗaya ya sha iska.” Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ba wanda ya koya mini, amma na gane kan abin. Kowace magana tana da 'yar alamar maki a samanta, irin wadda take yi wa yara a littafi in sun yi daidai. Ni kuwa in na karanta na ga gaskiya ta faɗa, sai in danna mata. Shekara takwas tana ba 'ya'yan mutane maki, ba wanda ya taɓa ba ta. In na danna sai maganar ta shige ciki, ina jin an adana ta ke nan. Kullum bayan la'asar in na rufe keke nakan yi goma ko sha biyu. Shi ne abin da nake jira tun safe.

Ka gaya mini inda aikin ya tsaya. Ka gai da maiɗakinka, ka ce na ga saƙon sabulu, Allah ya saka.

Gwaggonka.


Talata, 3 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙarin haƙuri, yaya ƙafar? Mu duk lafiya, sai ƙaramar da zazzaɓin haƙori. Na kira ban same ki ba, shi ya sa zan ba direban nan takarda gobe in ya iso.

Ba na son in ƙara miki damuwa, amma wani abu yana faruwa wanda ke kaɗai za ki iya bincika mana. Kin san littafin da ajina da ajin marigayiya suke rubutawa tare. Tsarinsa shi ne duk wanda ya buɗe shi, sunansa da hotonsa suna haske a sama, kowa yana ganin shafin da yake kai. Ranar Juma'a da yamma yara suna aikin gida a wayoyin iyayensu, sai sunan marigayiya ya yi haske. Ya tsaya a shafi na farko, ya sauka a hankali. Wata yarinya a ajinta, wadda take kira 'Yar Tambaya, ta rubuta, “Malama, ke ce?” Ba amsa. Washegari haka, jiya ma haka. Yanzu rabin ajina sun ƙi buɗe littafin, iyaye biyu sun zo har ofis suna tambayar me muke nuna wa 'ya'yansu.

Abin da ya fi ci mini rai, gyare-gyarenta na gefen shafi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne yaran suke bi suna gyara aikinsu. Wani yaro ya zo mini da hawaye, ya ce abin da Malama ta ce masa ya tafi kuma bai haddace ba.

Wani ne yake shiga da sunanta, ba shakka. Ko an ɗauki kwamfutarta, ko an sayar, ko wani ya san kalmar sirrinta. Duk wanda yake wannan aiki ba ya tsoron Allah, Gwaggo. Ɓarawo ma yakan tsallake gidan da aka yi rashi. Don Allah ki duba ɗakinta ki ga ko kwamfutar tana nan, ki kuma tuna wa ya shiga ɗakin a 'yan kwanakin nan. In na san shi, ni da shi ne.

Ɗanki.


Talata, 10 ga wata

Ɗana,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya lau.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. Ba sai ka wahala da bincike ba. Marar tsoron Allahn ni ce. Kwamfutar ba ta je ko'ina ba, kuma ba wanda ya shiga ɗakin sai wadda ta haife ta.

Na ga maganar yarinyar da ta ce “ke ce?” Na ɗauka tsohuwar magana ce tun tana da rai. Ban san ana ganina ba. Ban san makin da nake ba ta yana share ta ba. Guda saba'in da ɗaya na danna kafin takardarka ta zo, na ƙirga. Wato da hannuna na bi ɗan abin da ya rage nata na goge, ina murna.

Gaskiya ne, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na rufe kwamfutar, na naɗe ta a zane, na sa a ƙasan akwati. Ba zan ƙara taɓa ta ba. Ka gaya wa iyayen yaran su kwantar da hankalinsu. Ka ce kai da ni ne, to ga ni, ka san gidan.

Gwaggonka.


Laraba, 11 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma durƙushe. Direba yana tsaye yana jira, ban bar shi ya tafi masauki ba sai na rubuta wannan.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Na ba shi tawa a rufe, sannan ya miƙo mini taki ta farko, sai da na koma gida na karanta. Na kira ki har sau biyar don in janye maganata kafin ta iso ki. Magana zarar bunu ce, na zare ta ban san a kan wa za ta faɗi ba. Maiɗakina ta karanta takardarki ta ce mini, “Kai ko a wasiƙa sai ka yi jan biro.” Ki yafe mini. Uwa ta zauna tana ba 'yarta maki, ni kuma na kira ta ɓarawo.

Yanzu ga albishir. Ba ki goge komai ba. Alamar nan ba maki ba ce, ma'anarta “an gama da wannan gyaran, a ɗauke shi daga gaba.” Yana komawa bayan labule ne kawai. Da hankalina na kwance da na tuna da haka tun ranar farko. Na shiga na dawo da su duka saba'in da ɗayan, kowanne a wurinsa. Na gaya wa yarana gaskiya, sun koma aiki. Yaron da ya yi kuka ya kwafe nasa a bangon littafinsa.

Amma akwai magana mai nauyi, kuma ita ce nake roƙon ki karanta sau biyu. Marigayiya ce ta buɗe littafin nan da asusun da makarantarsu ta ba ta, wato suna da kalmar sirrin da take shiga da su. Kamar ɗaki ne aka ba ta aro, littafin yana ciki, mu duk baƙi ne muke shiga. Mai kula da kwamfutocin makarantar ya aiko mini cewa ranar Juma'a 27 ga wata, ƙarshen zango, za su rufe asusun duk wanda ba ya aiki da su. In an rufe, abin da ke ciki ya tafi. Zan iya kwafe rubutun yaran, amma kwafi ba ya ɗauko maganganunta na gefe, ba ya ɗauko muryoyin iyayen da yara suka ɗauka. Aikin yara hamsin da takwas na wata biyar ke nan, da duk abin da ta ce musu.

Hanya ɗaya ce. A shiga da sunanta a miƙa mini mallakar littafin. Mutumin ya ce ba shi da izinin miƙa wa wanda ba ma'aikacinsu ba, sai dai daga cikin asusun. Kalmar sirrin ba wanda ya sani. Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce wadda kika naɗe a zane.

Na zana miki matakan a bayan takardar nan, guda huɗu ne, da adireshina. In an gama, maganganunta za su zauna da sunanta da hotonta har abada. Abin da zai canja kawai, sunanta ba zai ƙara haske a sama ba, kuma ba za a ƙara shiga a matsayinta ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, Gwaggo. Ki taimaka.

Ɗanki mai laifi.


Laraba, 18 ga wata

Gwaggo,

Ina fatan ƙafar da sauƙi. Direba ya zo hannu wofi. Ya ce ya gan ki a kan keke, kin amsa gaisuwarsa, kin ce babu saƙo.

Na san har yanzu kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Amma kada laifina ya shafi yaran. Saura kwana tara. In ganin sunana ne ba kya so a kan aikinta, ki miƙa wa duk malamin da kika yarda da shi, ni zan janye. In kuma matakan ne suka rikita ki, zan nemi izini in taho da kaina ranar Asabar. Ki ce mini ko kalma ɗaya ce.

Ɗanki.


Talata, 24 ga wata

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa ta warke sarai, jiya har kasuwa na taka na sayo zare. Allah ya ba ƙaramar lafiya, a riƙa ba ta abu mai sanyi tana taunawa.

Kai dai ba ka iya karanta shiru ba. Fushin kwana biyu na yi ya wuce. Wanda ya yi zagi don kare 'yata ai ba zan riƙe shi ba, ko da zagin a kaina ya sauka. Matakan ma ba su rikita ni ba, zanenka ya fito, har kibiya ka sa. Kada ka taho, kada kuma ka ƙara cewa za ka janye. Ita ta zaɓe ka.

Gaskiyar ita ce ba na so. Shi ya sa ban rubuto ba, don na ji kunyar in faɗa.

Na karya alkawarina, na ciro kwamfutar daga akwati ranar da na ji ba su goge ba. Ban buɗe littafin ba don kada in sake tsorata kowa. Amma akwai wurin da saƙonni ke taruwa, kuma ashe duk wanda ya amsa mata a gefen shafi, nan yake zuwa. Ɗana, yaran nan ba su daina yi mata magana ba. “Malama na gyara.” “Malama babana ya ce zanen bai yi kama da shi ba, hancin ya yi yawa.” “Malama an ba mu sabon malami, ba ya dariya.” Wasu bayan rasuwarta da mako uku, wasu shekaranjiya. Sun san ta rasu, sun zo gaisuwa gidan nan da kayan makarantarsu. Amma suna rubutawa.

A duniyar nan wuri ɗaya ne ya rage da ake kiran ta kamar za ta amsa, kuma ni ce nake zaune a ciki. Kai kana ce mini in rufe shi da hannuna. Na san in ban rufe ba ranar Juma'a za a rufe da komai a ciki. Na sani. Sanin abu daban, ɗaga yatsa daban.

To ga abin da na yanke. Ban taɓa yanka yadi ban auna sau biyu ba, kuma na auna. Ba zan yi shi a ɓoye a ɗaki kamar mai sata ba. Na tsorata 'ya'yan mutane, kai ka yi wa naka bayani, nata ba wanda ya yi musu. Jibi Alhamis zan ɗauki kwamfutar in je makarantar su ga fuskar fatalwar da ta hana su barci. Abin da zai biyo baya ka zuba ido a kan naka allon.

Gwaggonka.


Asabar, 28 ga wata

Ɗana, Malam Jan Biro,

Ina gaishe ku duka, da fatan an yi hutu lafiya. Ni kalau nake, sai dai idanu sun ɗan kumbura, za su sauka.

Kafin takardar nan ta iso ka riga ka ga littafin a hannunka. Abin da allonka bai nuna maka ba shi zan gaya maka.

Na isa ana shiga darasi na biyu. Mai kula da kwamfutocin ya tare ni a baranda, matashi ne mai ladabi, da igiyoyin kwamfuta a wuya. Ya ce, “Mama, ki kawo, minti biyu na gama miki.”

Na ce, “Ɗana, wata tara na ɗauke ta. Ba za ka gama ta a minti biyu ba. Nuna mini ajin.”

Sai ya karɓi jakata ya wuce gaba.

Ban taɓa shiga ajin nan ba. Taga uku, fanka ɗaya mai ƙara, kwamfutoci shida a jere jikin bango, yara biyar biyar suke raba kowace. Teburinta yana nan da tabon kofin shayi a kusurwa, irin wanda take bar mini a gida ina faɗa. Sabon malamin dattijo ne, saura shekara ɗaya ya ajiye aiki. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce shi wannan aikin na intanet bai iya ba, amma ya ga yaran ba sa yi wa komai rubutu kamar yadda suke yi masa, shi ya sa bai hana ba.

Ban zauna ba. Na ce musu, “Sunan Malama da kuka ga yana haske, ni ce. Ban san kuna gani ba. Ku yafe mini.”

 Can wata 'yar siririya a layin gaba ta ɗaga hannu, ba ta jira an ba ta izini ba. Ba sai an gaya mini wace ce ba.

Ta ce, “Dama na ce musu ba Malama ba ce. Malama ba ta awa guda a shafi ɗaya.”

Na ce, “Aji shida na yi, 'yar nan.”

Ta ce, “Mu ma aji shida muke.”

Dattijon nan da aka ce ba ya dariya, shi ya fara. Ajin ya ɗauka, ni ma na yi har na riƙe tebur.

Matashin ya jona kwamfutar da majigi, littafin ya fito a bango, sunanta ya yi haske a sama, babba, kowa yana gani. Wannan karon ba wanda ya tsorata. Wani yaro a baya ya kifa kansa a benci. Na yi musu bayanin abin da na zo yi, yadda ka rubuta mini, cewa littafin zai koma hannunka kuma ba abin da ta ce musu da zai ɓace.

'Yar Tambaya ta sake ɗaga hannu. “To in mun rubuta mata, wa zai karanta?”

Na ce, “Malamin can zai karanta, da abokan aikinku na can.”

“Shi jan biro ne da shi. Ke fa?”

Na ce ni ba malama ba ce, tela ce.

Ta ce, “Ai littafin na masu sana'a ne.”

 Matashin ya ce in ina so zai buɗe mini adireshi nawa na kaina, ba na makaranta ba, a sa ni a cikin littafin kafin a miƙa, in riƙa karantawa ina sa baki a gefe. Ya tambayi sunan da zai sa. Kafin in buɗe baki yaran sun ce Maman Malama. Haka ya rubuta. Don haka in ka ga baƙon suna a littafinka, kada ka ce ɓarawo ne.

Sannan na ciro takardarka na shimfiɗa. Mataki na ɗaya, na biyu. Adireshinka harafi harafi na rubuta, yaran suna karanta mini daga bango, in na yi kuskure su ce a'a Mama, koma baya. Na uku. Sai kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Ɗana, ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba, kuma na'ura ce ta yi mini. Yatsana yana sama ya ƙi sauka. Ban san tsawon lokacin ba. Ba wanda ya ce in yi sauri. Na yi bisimilla na danna.

Ba ƙara, ba komai. Inda aka rubuta mai littafi, sunanta ya sauka, naka ya hau. Na ce wa matashin ya fitar da asusunta daga kwamfutar gaba ɗaya, ni wannan ba zan iya ba. Ya danna, hasken ya mutu. Maganganunta suna nan a gefe reras, na sa aka bi shafi shafi na gani.

Jiya Juma'a bayan la'asar na gwada tsohuwar ƙofar sau ɗaya. Ta ce babu wannan asusun. Na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska, na ɗora tukunya.

Ka gai da maiɗakinka da yara. In an dawo hutu ka sassauta wa yaran, musamman na shafi na talatin, zanensa ya fi rubutunsa kuma ya sani.

Yau da hantsi na shiga da sunana. A shafin 'Yar Tambaya, wanda ta rubuta a kan mahaifiyarta mai injin niƙa, akwai gyara uku da Malama ta bar mata. A ƙarƙashin na ƙarshe ta rubuta jiya, “Malama na gyara, a duba.” Na karanta shafin sau biyu. Sannan na rubuta mata da yatsa ɗaya, rabin awa ya ɗauke ni: “Ni ce na duba. Kin gyara biyu. Malama ta tambaye ki me mahaifiyarki take yi in bel ɗin inji ya tsinke mutane suna layi, har yanzu ba ki faɗa ba. Je ki tambaye ta.”

Ba ta amsa ba tukuna. Na bar murfin a buɗe a gefen keke, ina ɗinki ina leƙawa.

Gwaggonka.